Godiya ga waɗanda suka tsaya min lokacin da na ɓuya wa mutane

Assalamu alaikum jama'a. Da yawanku kun lura na ɓace tun kafin azumi, ba a ganina a shago ba a majalisa, hatta masallacin unguwa na daina zuwa, wasu sun yi ta kira wasu har ƙofar gida suka zo aka ce musu ina kwance. Alhamdulillah na samu sauƙi na koma bakin aikina, kuma ina so in yi godiya a fili, amma godiyar ba za ta fahimtu ba sai na faɗi abin da nake ɓoyewa tun ina yaro.

Ni an haife ni ne ba dubura, wato babu mafitar bayan gida. Likitoci sun ce a cikin jarirai kusan 5,000 ana samun ɗaya da irin wannan lalura. Ina jariri aka huda gefen cikina aka fito da hanji don bahaya ya riƙa fita ta nan, daga baya aka yi babban aikin aka buɗe hanya sannan aka rufe ta cikin. A wajen dangi magana ta ƙare, yaro ya warke. Amma naman da ke riƙe bahaya da jijiyoyin wajen ba su cika yadda na kowa suke ba, don haka har na girma abu yana zubo min ba tare da na sani ba. A firamare an sa min suna, ba zan maimaita shi ba. A sakandare na ƙi makarantar kwana, Baba ya ɗauka lalaci ne. Na girma da wando na biyu a jaka da kwalbar turare a aljihu, in zan yi tafiya a mota tun daren jiya nake daina cin abinci, a ɗaurin aure kullum ina can baya kusa da hanyar fita, kuma ko wani ya ɗan taɓa hancinsa don mura sai gabana ya faɗi in ce shi ke nan ya ji.

Bana abin ya fi ƙarfina. Barci ya ɗauke, abinci ya fita raina, in zauna a ɗaki in kulle ƙofa tun safe har dare, har na fara jin cewa iyalina za su fi hutawa in babu ni. Wallahi da na san akwai wanda ke cikin wannan halin yanzu da na je na zauna kusa da shi ko ban ce komai ba.

Godiyata ta farko ga Inna. Ita ta wanke tsummokaran da ake ɗaure min a ciki lokacin da ba ta da kuɗin ledar da ake mannawa a wajen don tare bahaya, ita ta yi ta wanki da dare don kada 'yan uwana su gani, ba ta taɓa yi min tsawa a kan wannan abu ba ko sau ɗaya. Wannan karon ma ita ta fara ganewa, ta ce da Yaya babba wannan yaron ba jikinsa kaɗai ke ciwo ba, ku kai shi a duba shi. Inna Allah ya ja kwana ya sa ki gama lafiya.

Sai Yaya babba da ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa duk da surutun mutane, don akwai wanda ya ce mata yanzu Dawanau za ku kai shi kamar wani mahaukaci? Ta ce ciwo ciwo ne. Likitar da ta gan ni Allah ya saka mata, ta saurare ni har na gama, ta ce sunan abin ciwon damuwa kuma ana yawan ganinsa ga manya da suka taso da irin lalurata, don ana gyara hanji a yarinta a sallami yaro amma ba mai tambayarsa yadda yake ji a ransa in ya girma. Ta ba ni magani ta gaya min sai ya yi makonni kafin in ga amfaninsa kada in yanke, kuma haka aka yi. A wajenta na ji cewa tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, saura dai a ga aikinta a ƙasa don maganin nan da tsada yake.

Likitar ce kuma ta mayar da ni wajen likitan tiyatar yara, na ji nauyi sosai, ga ni da gemu a layin mata masu goyo, amma su ne suka fi sanin ciwon. Ya yi min hoton ƙoda da na ƙashin baya don lalurar kan zo tare da matsala a nan, Alhamdulillah ba a ga komai ba. Sannan ya koya min wanke hanji, ruwan gishiri da aka auna ake sawa ta siririyar roba a lokaci guda kullum, a zauna a banɗaki har komai ya fita, sai mutum ya wuni tsaf. Sai da aka yi ta gyara awon ruwan kafin a dace da nawa, don haka kada wani ya gwada da kansa ba likita. Ranar da na fara wuni da farin yadi har magariba ba tabo, kuka na yi.

Malam liman na gode. Abin da ya fi cin raina duka shi ne sallah, kullum ina waswasin ko alwalata ta karye ko na ɓata wa na kusa da ni sahu. Da Baffa ya kai masa maganar da kansa ya zo gida, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke fita wa mutum ba da ikonsa ba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace sallah in ba wahala, ya tsare jikinsa ya shiga jam'i. Ya ce gobe da asuba ina jiranka. Na je.

Maman yara kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba. Ta san komai tun kafin a ɗaura, ta ce ta ji ta gani, kuma a watannin nan ita ta riƙe gida da ɗinkinta, ita ke tafasa ruwan ta ajiye ya huce ta kore yara daga ƙofar banɗaki ba tare da sun san dalili ba. Allah ya biya ki da Aljanna.

Abokaina na kasuwa da suka haɗa kuɗin magani, da yaron shagona da bai ci amanata ba, da maƙwabcin da yake kai yara makaranta a babur ɗinsa, Allah ya saka muku da alheri ya raba ku da ciwo.

Iyaye masu yaro irina dan Allah ku riƙa tambayarsa yadda ake yi da shi a makaranta, ku sa ido in ya fara gudun mutane. Wanda kuma ya girma da wannan lalura yana jin kunyar magana a fili, ya turo min saƙo ta ciki, ba wanda zai ji, zan gaya masa irin likitan da zai nema.