Darasin da zangunan ƙarshe na Supernatural suka koya mini

Shekara uku ke nan ina cikin masu rubuta wasan kwaikwayo a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram, amma darasin da ya fi zauna mini a rai daga wani shirin talabijin na Amurka na ɗauko shi, wato Supernatural, wanda aka fara nunawa a 2005, aka rufe shi a 2020 bayan zango 15 da kashi 327. Labarin wa da ƙane ne, Dean da Sam, waɗanda suke yawo a tsohuwar mota Chevrolet Impala ta 1967 suna farautar fatalwa da dodanni. Yadda shirin yake siffanta mala'iku ba abin da Musulmi zai aminta da shi ba ne, ni dai ginin labarin nake bi.

Wanda ya ƙirƙiri shirin, Eric Kripke, ya kai labarin magaryar tuƙewa a zango na biyar, a 2010, sannan ya sauka daga jagoranci, Sera Gamble ta karɓa. A ganina daga nan armashi ya fara raguwa, kuma ba ƴan wasan ne suka gaza ba, mutuwa ce ta yi araha. Lokacin da Dean ya mutu a ƙarshen zango na uku, dawowarsa ta zo da tabon da ya daɗe yana ɗauke da shi. Daga baya kuwa abin ya zama jiki: Castiel, mala'ikan da yake taimakonsu, ya mutu ya dawo ba sau ɗaya ba, Bobby ma, dattijon da ya zame musu kamar uba, da ya rasu a zango na bakwai sai ga fatalwarsa.

Duk na ga wannan, amma da abin ya zo kaina sai na faɗa ramin. Muna da wasa a kan aljanar wata tsohuwar rijiya a unguwar Birni, kuma a kashi na 20 na kashe tsohuwar da take ba da magani, wadda masu sauraro suka fi ƙauna. Waya ta yi ta ƙara har dare. Kashegari shugaban sashenmu ya kira ni, ya ce, "Malam, ka yi wa Allah ka dawo mana da ita, masu talla sun fara magana." Na zauna na ƙulla cewa aljanu ne suka ɓoye ta.

Bayan wata biyu, ina zaune a wata fada, wato majalisar hira, kusa da kasuwar Dole ana sauraron wasan, sai aka zo inda jikan tsohuwar ya faɗa rijiya, wurin da na kwana biyu ina gyara kowace kalma. Wani ɗan kabu-kabu, wanda bai san ni ne marubucin ba, ko kofin shayinsa bai ajiye ba, ya ce, "Ku ƙyale shi, mako mai zuwa zai fito."