Ustaz da kan Sarkin Rum

Shekaranjiya da daddare saƙon murya ya shigo mini a WhatsApp, minti 11 cur, daga Ustaz ɗinmu na tarihi. Ya haura saba'in, muryar ta soma rawa, amma da ya ce "ɗana, ka tuna kan nan?" sai na ganni a aji na biyu na sakandare a Sinnar ta Sudan, ina zaune kusa da taga.

Mu 'yan Mai Wurno da muke zuwa makarantar, abin da muka sani game da Rum bai wuce Suratur Rum da labarin wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya aika wa Hiraƙla ba. Daga nan Ustaz ya kama mu. Ya ce Rumawan da ke cikin surar na Ƙusɗanɗiniya ne, birnin da Sarki Kustantin ya mayar da shi gidan sarauta a shekara ta 330, amma tushensu yana birnin Rum na Italiya. Sannan ya ajiye alli, ya zaro wani hoto daga aljihun jallabiyarsa, duk ya sha ninki. Kan mutum ne na tagulla, idanuwansa na dutse da gilashi, farare tas, kamar kai yake kallo. Ya ce, "Wannan Agustus ne, sarkin Rum na farko. Ku faɗa mini inda aka tono shi." Wani ya ce Italiya, wani ya ce Masar. Ustaz ya nuna arewa da yatsa ya ce, "Marawi ta da, can gaba da Shandi."

Wallahi ajin ya yi tsit.

Ya ba mu labarin yadda Rumawa suka ci Masar shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka zama maƙwabtan Kush, tsohuwar daular ƙasarmu mai gidan sarauta a Marawi. Bayan 'yan shekaru dakarun Kush suka afka wa Aswan da tsibirin Fila, suka kwashi bayi, suka tumɓuke mutum-mutumin Agustus. Gwamnan Rum na Masar, Fetroniyus, ya rama, ya kutso har Nafata, wani birnin Kush kusa da Dutsen Barkal. Mace ce ke jan ragamar Kush a lokacin, mai sarautar Kandaka, wadda masana da dama ke cewa sunanta Amanirenas, kuma marubutan zamanin sun ce ido ɗaya gare ta. A ƙarshe jakadunta suka tafi har tsibirin Samos suka sami Agustus, ya yafe harajin da aka ɗora musu. Shi kuwa kan, mutanen Marawi suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta, duk mai shiga sai ya taka shi. Binnewar ce ma ta tsare shi, har wani Bature ɗan Ingila, John Garstang, ya tono shi a 1910. Yanzu yana gidan tarihi na Landan.

Abin da na fi riƙewa shi ne Ustaz bai bar mu mun tsaya a kirari ba. Muna ta murna an taka sarkin Rum, sai ya ce, "Ku dakata. Wa ya ba mu wannan labari?" Ya nuna mana cewa kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga alƙalamin ɓangaren Rum, domin rubutun Marawi ana iya furta haruffansa amma har yau ba a gama gane harshen ba. Akwai wani dutse mai dogon rubutu da aka samo a Hamadab kusa da Marawi, ɗauke da sunan Amanirenas, ana kyautata zaton yaƙin yake ba da labari, ga shi a gabanmu amma bakinsa a rufe. A ganina wannan tambaya tasa ta fi duk shekarun da muka haddace don jarrabawa amfani.

Shekara 34 ya yi yana koyarwa. Bai rubuta littafi ba, bai taɓa taka Italiya ba. Bayan ya yi ritaya sai ya mayar da rumfar ƙofar gidansa aji, ana shan jabana, wato gahawa, yana yi wa manoma da direbobi bayanin majalisar dattawan Rum da Hausa, yana kwatanta ta da fadawan sarki, yana kuma faɗin inda kwatancen ya gaza.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kore shi zuwa Gadarif, littattafansa duk suka salwanta. A saƙon ya ce yana tara yaran 'yan gudun hijira bayan la'asar, su wajen ashirin, kuma sun iso kan sojojin da Sarki Neron ya turo neman mafarin Nilu, waɗanda fadamun kudu suka tare. Hoton kan nan ne ya rasa. "Ɗana, idan da hali ka sa a buga mini wani, mai launi, yaran su ga idanun."

Na ce, "An gama, Ustaz." Yau da safe na kai shagon buga hotuna, na ce a yi guda biyu, a rufe su da roba saboda damina. Gobe in sha Allahu zan ba direban motar Gadarif.