Makashi mai rikiɗa a labarin zane: inda aikin ke lalacewa

A littattafan zane na jarumai, babu mugun da ke ba marubuci da mai zane wahala kamar makashin haya mai canja kama. Mai shirya fim yana da muryar ɗan wasa, da tafiyarsa, da kiɗa. Mai zane kuwa hoto tsayayye kaɗai gare shi: akwati, wato gurbin hoto ɗaya, biyar ko shida a shafi, shafi 20 zuwa 22 a fitowar wata irin ta Amurka. In makashin ya ari fuskar wani aka zana shi sak, mai karatu mutumin ainihi yake gani. In daga baya aka ce ai sojan gona ne, alhali ba a ajiye masa wata alama ba, haushi zai ji a maimakon mamaki, domin ya san an yi masa ha'inci.

Saboda haka kafin a ɗora fensir a takarda, a rubuta dokokin rikiɗar a shafi guda a raba wa duk masu aikin. Me yake iya kwafa: fuska kaɗai, ko har da murya da tsawo da tufafi? Sai ya taɓa mutum, ko gani ya isa? Awa nawa yake riƙe kamar kafin ta sulluɓe masa? Me ke tona shi? Mystique ta kamfanin Marvel, wadda ta fara fitowa a 1978, tana kwaikwayon fuska da murya da sutura, amma ba ta samun baiwar wanda ta kwaikwaya. Chameleon, wanda ya fito a fitowar farko ta Amazing Spider-Man a 1963, da fuskokin roba da kayan ɓad-da-kama ya fara. Waɗannan iyakoki su ke haifar da labari. Makashin da ke iya zama kowa a kowane lokaci ba tare da wani cikas ba, da shafi na uku ya kamata ya gama da jarumin, kuma mai karatu zai yi wannan lissafin da kansa.

In mugun ɗan Japan ne, an huta, domin tatsuniyoyin ƙasar sun daɗe da warware matsalar. Kitsune, dilar da ke rikiɗa ta zama mace, wutsiyarta kan leƙo in ta bugu ko ta yi sakaci, inuwarta da hotonta a ruwa kan nuna dila, karnuka kuma ba sa yarda da ita. Tamamo-no-Mae, dila mai wutsiya tara da aka ce ta shiga fadar Sarki Toba da siffar kyakkyawa, masanin duba ne ya gano ta bayan sarkin ya kwanta ciwo. Mai karatu Bahaushe ya san wannan tsari daga labarin budurwar dare da ake gane ta da kofato. Kullum akwai wuri ɗaya da kamar ba ta rufe ba.

Yadda ake dasa alamar shi ne a nuna ta sau uku. Na farko a can bayan hoto, ƙarama, a lokacin da ido ke kan wani abu dabam: kare na haushi a gefen akwati, ko inuwar da ba ta dace da mai ita ba. Na biyu a matsakaicin hoto, inda mai lura zai tsargu. Na uku a wurin tonon asiri, da girma. Kada a dogara da launi kaɗai. Ɗigon rawaya a ƙwayar ido yakan yi kyau a kan takardar zane mai inci 11 da 17, amma da an ƙanƙance shafin don bugu, ko aka buɗe shi a waya, ya ɓace.

Alamar da ta fi inganci ita ce kuskuren ɗabi'a, kuma a nan sanin Japan ke amfani. Kimono, doguwar rigar gargajiya ta Japan, ana ɗora gefen hagu ne a kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa. Katana, takobin Japan, a cikin ɗamara kaifinta sama yake kallo. Ba a soka tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don abin makoki ne. Makashin da ya rikiɗa a gaban wanda yake kwafa, kamar mai kallon madubi, zai iya fitowa da kimono a juye, kuma wannan alama ce mai kyau ƙwarai: tana da dalili, tana kuma ɗauke da ƙamshin mutuwa. Sai dai ga inda ake asara. Shafi yana bi ta hannun mai tawada, mai launi, mai rubuta maganganu da edita, kowannensu kuma zai iya ɗauka kuskure ne ya gyara. Dole a rubuta a gefen shafi cewa da gangan aka yi. Haka nan kada a juya hoton a kwamfuta don ya zauna daidai a shafi. Wannan ya sha faruwa a da, lokacin da ake juya shafukan manga, littattafan zane na Japan da ake karantawa daga dama zuwa hagu, don masu karatu daga hagu zuwa dama, mutane suka riƙa fitowa bahagwai da rigunan matattu.

Wurin da aka ajiye tonon asirin ma lissafi ne. A littafin Amurka shafuka masu lamba mara suna dama, masu cika suna hagu, ido kuma yana ɗaukar shafi biyu a buɗewa ɗaya. In fuskar makashin ta bayyana a shafi na 15, an gan ta tun ana karanta na 14. A sa tambayar a akwatin ƙarshe na shafin dama, amsar a farkon shafin hagu, sannan a tambayi edita inda tallace-tallace za su shiga, domin shafin talla guda yana ture lissafin gaba ɗaya. Rikiɗar kanta akwati uku sun isa: fuskar aro, rabi da rabi, fuskar ainihi. A bar abu ɗaya bai motsa ba a duka ukun, misali hannun da ke riƙe da wuƙa, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka mutum uku ne.

Sai matsalar hanci. Wolverine da Daredevil, jaruman Marvel waɗanda suka fi kowa karawa da ninja na ƙungiyar Hand tun da marubuci Frank Miller ya ƙirƙiro ta a 1981, ɗaya da sansana yake gane mutum, ɗaya har bugun zuciya yana ji. Marubucin da ya manta da wannan, masu karatu ba za su manta ba. A 2007, a fitowa ta 31 ta New Avengers, an kashe makashiya Elektra tana jagorantar Hand a Japan, sai gawar ta koma ta Skrull, baƙin halittu masu rikiɗa. Abin da ya ba wurin nauyi shi ne labarin ya fito fili ya ce hancin Wolverine bai kama ta ba, ya mai da wannan gazawar abin tsoron kansa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɓarnatar da baiwar wajen kwaikwayon budurwar jarumi ko babban abokinsa. A nan ne sojan gona ya fi saurin tonuwa, kuma an gaji da shi. Shoninki, littafin dabarun ninja na 1681, kamanni bakwai ya lissafa, a cikinsu akwai malamin addinin Buddha, ɗan kasuwa, mai wasan titi da talaka gama-gari, wato mutanen da ke wucewa ba a kalle su ba. Baƙaƙen kayan nan da aka saba zana wa ninja, ana danganta su da ma'aikatan dandalin kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, fiye da fagen aiki. A Tokyo ta yau, mai kawo saƙo ko mai shara a tashar Shinjuku ya fi dacewa. Mai zane sai ya tanadi fuskoki huɗu ko biyar na irin waɗannan mutane tun farko, ya watsa su cikin taron jama'a a shafukan baya, don wanda ya koma ya duba ya tarar makashin yana nan tun shafi na biyu.

Kafin a tura wa maɗaba'a, a ba mutum biyu da ba su san labarin ba su karanta. In dukansu sun gano shi a alamar farko, a rage girmanta ko a matsar da ita gefe. In an kai ƙarshe babu wanda ya iya nuna alama ko ɗaya da aka ce ya koma ya nemo, a sake zana akwatin da ke ɗauke da alama ta biyu.