Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana A Hamadar Arizona

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, ni da Baban yara mun dawo gida Houston lafiya, mota ta koma hannun mai ita, yara kuma mun same su ƙalau. Saƙonninku sun yi yawan da ba zan iya bin kowa da amsa ba, musamman tun da labari ya bazu cewa mota ta lalace mana a daji har an kai ni asibiti. Haka abin ya faru, amma Allah ya kawo shi da sauƙi, kuma ta hannun mutane ya kawo sauƙin. Su nake so in ambata a nan. Yawancinsu ba sa jin Hausa, wasu ma ba za mu sake haɗuwa da su ba, shi ya sa nake roƙon ku da kuke karantawa ku taya mu yi musu fatan alheri.

Zan fara da gida. Yaya, ke da kika riƙe mana yara tun ranar da muka tashi, ga aikinki ga naki 'ya'yan, ba ki taɓa bari mun ji gajiya a muryarki ba. Ranar da kika ji ina asibiti kika ɓoye wa yara, kika ɓoye wa Hajiya a Zariya, har sai da kika ji muryata da kunnenki. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya raya miki zuri'a.

Sai maƙwabcinmu, dattijon da ya ba mu aron motarsa mai ɗaki. Ga wanda bai taɓa shiga irinta ba, a cikinta akwai gado, murhun gas, ƙaramin firji, banɗaki da tankin ruwa, duk inda dare ya yi maka nan ne gidanka. Bawan Allah nan ya yi yini guda yana koya wa maigida yadda ake ja da baya da ita, yadda ake zubar da ruwan datti a wuraren da aka tanada, da yadda ake rufe gas kafin a shiga gidan mai. Da za mu tafi ya tura wani tsohon akwatin kayan aiki ƙarƙashin kujera, ya ce mu bar shi a nan ko da ba mu san amfanin abin da ke ciki ba. Za ku ji inda akwatin nan ya yi rana.

Daga Houston zuwa El Paso kusan kilomita 1,200 ne, kuma duk ba ka fita daga Teksas ba. Daga nan muka shiga Niyu Meksiko, muka nufi White Sands, inda farin yashi ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 700. Yashin na jifsam ne, ma'adinin da ake yin filasta da shi, shi ya sa ko rana ta take kana iya taka shi ba takalmi. Muna godiya ga ma'aikaciyar gandun da ta tsare mu a ƙofa ta tambayi yawan ruwan da muke ɗauke da shi, ta nuna mana famfo ta ce mu cika duk wani mazubi, don daga nan babu ɗigon ruwa a ciki. Ita ce kuma ta faɗa mana cewa sojoji kan rufe hanya mai lamba 70 na ɗan lokaci idan za su gwada makami mai linzami a sansanin da ke maƙwabtaka da wurin. A kan hanyar nan akwai shingen jami'an kan iyaka, akwai wani kuma yamma da Las Cruces. 'Yan uwa masu shirin bin wannan yanki, ku riƙe takardunku na zama a jiki.

A wani gidan mai kafin Lordsburg wani direban tirela ɗan Somaliya ya ga hijabina ya yi mana sallama. Da ya ji Tucson muka nufa, sai ya nuna mana sararin yamma ya ce yau akwai ƙura. Ya ce idan ta taso kada mu rage gudu mu ci gaba da lallaɓawa a kan kwalta. Mu sauka daga titi gaba ɗaya, mu ja birkin hannu, mu kashe kowace fitila, mu ɗauke ƙafa daga birki, domin na baya da ba ya gani zai bi hasken fitilarka yana zaton kana tafiya, ya afka maka. Ba a jima ba muka iske busasshen tafkin da babbar hanya ta ratsa, ƙura ta taso ta rufe ko'ina har gaban motar ba ma gani. Abin da ya faɗa shi muka yi. Muna zaune muna salati har ta lafa. Ɗan uwa, ko sunanka ba mu tambaya ba, Allah ya tsare ka a duk hanyar da kake bi.

Tucson da dogayen itatuwanta masu ƙaya, saguwaro, waɗanda kan yi shekara hamsin ko fiye kafin su fitar da reshen farko, da Grand Canyon da kogin Kolorado ya haƙa tsawon kilomita 446, duk mun gan su lafiya. A can ma wani ma'aikaci ya ja kunnen maigida kada ya gangara ƙasa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, don sanyin da ake ji a baki, a tudu mai tsayin mita 2,100, ba shi ake samu a cikin kwarin ba. Hotuna suna nan tafe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan saƙo ya faru ne bayan mun bar garin Page, a kan hanya mai lamba 98, cikin ƙasar 'yan ƙabilar Nabaho. Da tsakar rana, a watan Yuli, tururi ya turnuƙe gaban motar. Tiyon lagireto ne ya tsage. Tankin ruwanmu ya yi ƙasa don a garin Kayenta muka shirya cikawa, abin da maigida ya zuba a injin kuma ya tsiyaye a ƙasa nan take. Waya babu sabis. Inji a kashe, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, cikin motar ya fi waje zafi, waje kuma babu inuwa sai jan dutse da gajerun ciyayi. Motoci sukan gifta jefi-jefi da gudu. Ni dai na fara jin jiri da tashin zuciya, kaina yana sarawa, daga baya abin da maigida yake faɗa mini ma ba na ganewa sosai.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta wuce mu a hankali, ta tsaya, ta dawo da baya. Dattijo ne da jikarsa budurwa, bayan motar kuma babban tankin roba cike da ruwa. Bai yi dogon magana ba. Ya dube ni, ya faɗa wa yarinyar wani abu da yarensu, ta cire ɗankwalin wuyanta ta jiƙa ta ɗora mini a ƙeya da hammata, ta riƙa ba ni ruwa kaɗan-kaɗan, ta hana ni kwankwaɗa. Shi kuma ya jira inji ya huce, ya duba ya ga tsagar tana dab da bakin tiyon. Ya tambaya ko muna da kayan aiki. A cikin akwatin maƙwabcinmu aka sami wuƙa, sukuddireba da sabon zoben ƙarfe na ɗaure tiyo. Ya yanke wurin da ya tsage, ya mayar da sauran, ya ɗaure tam, sannan ya buɗe tankinsa ya cika mana lagireto, ya cika mana jarkoki. Ya ce mu biyo shi a hankali, gidansa ba nisa, in huta kafin a kai ni asibiti.

A gidan ne na gane abin da aka ba mu. Babu famfo a gidan. Ruwan nan da ya zuba a injinmu, ya jiƙa mini jiki da shi, tafiya mai nisa ya yi ya ɗebo, kuma shi ne na sha, na girki, na wanka, na tumakinsu. Ba su kaɗai ba ne. Ƙasar Nabaho ta kai murabba'in kilomita 70,000, ta ratsa Arizona, Yuta da Niyu Meksiko, kuma ana ƙiyasta kusan gida uku cikin goma ba su da ruwan famfo. Wasu rijiyoyin da ke kusa da su ba sa shayuwa, saboda ramukan haƙar ma'adinin yuraniyom fiye da 500 da aka haƙa daga 1944 zuwa 1986 aka tafi aka bar su. A safiyar ranar mun tsaya a kan gadar Page muna kallon madatsar Glen Canyon da tafkin Powell, ruwa iya ganinka, ana tura shi manyan birane da gonaki. A 2023 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa yarjejeniyar 1868 tsakanin Amurka da Nabaho ba ta wajabta wa gwamnati ɗaukar matakin samar wa Nabaho ruwa ba. Yarjejeniyar nan ita ce ta ba kakanninsu damar komawa ƙasarsu bayan sojoji sun kora su a ƙafa a 1864 zuwa sansanin Bosque Redondo a Niyu Meksiko, inda da yawa suka mutu. Ni abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin rashin adalci ne ƙarara.

Matar gidan, tsohuwa ce da ba ta jin Turanci, ta kwantar da ni a ƙarƙashin rumfar rassa da suke zama a ciki lokacin zafi, ta zauna tana yi mini fifita. Kusa da rumfar akwai ɗakinsu na gargajiya, zagayayye, ƙofarsa tana kallon fitowar rana. Ta sa jikarta ta tambayi abin da ba ma ci, sannan ta gasa mana gurasa a kan garwashi, ta dafa shayin wani ganye na dajinsu. Da maigida ya duba agogo yana lissafin azahar, yarinyar ta gaya masa cewa a lokacin zafi agogonsu yana gaba da na sauran Arizona da awa guda, don su suna sauya lokaci, jihar kuwa ba ta sauyawa. Ya tashi zai yi taimama, don ba ya so ya ƙara taɓa musu ruwa. Tsohuwa ta ga yana dafa ƙasa, ta tambaya, aka yi mata bayani. Ta miƙe da kanta ta cika buta ta dire a gabansa, ta ɗauko bargon da ta saƙa da hannunta ta shimfiɗa masa. Da ta ga ya karkata arewa bai fuskanci gabas sosai ba, ta sake tambaya, aka ce mata nan ne saitin ɗakin Allah da muke fuskanta daga wannan ƙasa. Ta gyaɗa kai, ta kori jikokinta ƙanana daga gabansa. Ina kwance ina kallo hawaye suna bin kunnena.

Maigida ya yi, ya yi su karɓi kuɗi, dattijon ya ƙi. Ko na man da zai ƙona ya koma ɗebo ruwa bai karɓa ba. Jikarsa ce ta ɗauke ni a motarsu ta kai ni asibiti, ta zauna har aka gama yi mini ƙarin ruwa. Baba, Iya, da ke ƙanwata, ban da abin da zan biya ku. Allah ya ba ku lafiya da tsawon rai, ya yalwata muku ruwa har ƙofar gida, ya albarkaci dabbobinku, ya shiryar da mu da ku zuwa ga abin da yake so.

Godiya ga ma'aikatan jinyar da suka karɓe ni ba tare da ɓata lokaci ba, suka kuma nemo mini mace ta duba ni da na nuna haka nake so. Godiya ga bakaniken da ya sa aka kawo sabon tiyo daga Flagstaff, ya bar mu muka kwana a filin garejinsa ya jawo mana wuta, da safe ya duba fambel da tayoyi bai ƙara ko sisi a kan abin da muka yi ciniki ba. Saboda shi muka samu ganin Monument Valley da jajayen duwatsunta, tare da ɗan jagora Banabahe da ya bi da mu a hankali don ya ji ban daɗe da tashi ba.

A hanyar dawowa muka biya ta Abiquiu a arewacin Niyu Meksiko, inda masallacin Dar al-Islam yake a kan tudu. Hassan Fathy, masanin gini ɗan Masar, shi ya zana shi, aka gina da tubalin ƙasa a farkon shekarun 1980. Ina shiga na ji sanyin nan na ɗakin soro irin na cikin birnin Zariya. Muna godiya ga wanda ya buɗe mana ƙofa ya bar mu muka yi nafilar godiya, muka zauna iya son ranmu.

Jama'armu ta Houston da kuka tashi tsaye da dare, har da wanda ya ce zai kamo hanya ya zo ya ɗauke mu, da Malam da ya sa aka yi mana addu'a bayan sallar asuba, da 'yan uwa na Zariya, Kano da Maraɗi da kuka yi ta kira, Allah ya bar zumunci. Baban yara, kai da ka tsaya a rana kana kāre ni da inuwar jikinka, Allah ya saka maka da alheri, ya bar mu tare.

Mun karɓi lambar akwatin gidan waya na mutanen nan, kuma mun yi niyyar aika musu da kuɗin man ɗebo ruwa da ƙarin tanki, ta hannun jikar, wadda ta amince za ta lallashi kakanta. Duk mai son sa hannu a wannan sadaka ya same ni ko Baban yara bayan sallar Juma'a, za mu aika a ƙarshen wata in sha Allahu.