Abin da na gani a Bodrum

Jiya na tsaya gaban kayan jirgin ruwan Uluburun a gidan tarihi na Bodrum da ke Turkiyya, kuma har yanzu zuciyata tana can. Jirgin ya nutse kimanin shekara 3,300 da suka wuce, ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, daidai gwargwadon da maƙera ke haɗawa su sami tagulla. Daga 1984 zuwa 1994 masu bincike sun yi nutso fiye da sau 22,000 kafin su kwaso kayan. Abin da ya fi riƙe ni shi ne ɗan hatimin zinariya mai siffar buzuzu, da sunan Sarauniya Nefertiti ta Masar a jikinsa. Na daɗe sunkuye ina kallonsa ta gilashi.