Godiya ga duk wanda ya zo walimar Malam

Assalamu alaikum. A madadin ɗaliban Malam, na da da na yanzu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci walimar da muka shirya masa ranar Asabar, bayan ya cika shekara 70 ya ajiye aikin jami'a. Abokan aikinsa da iyalansa da masu ɗawainiyar abinci, Allah Ya saka da alheri.

Godiyata ta musamman ga masuntan da suka yo sammako tun daga Nguru, ɗauke da kwandon bandar tarwaɗa da karfasa. Da Malam ya hango su a bakin ƙofa, bai jira a shigo da su ba, da kansa ya tashi ya taro su. Wallahi sai da na share hawaye.

Wanda bai san aikinsa ba ba zai gane wannan zumunci ba. Yawancin rayuwarsa a fadamar Haɗeja da Nguru ya ƙarar da ita, yana bin diddigin abin da ya sami ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, wasu magudanan kuma suka daina ƙafewa da rani, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, tsuntsayen jan baki kuma suka mai da ita makwanci.

Ba na manta fitata ta farko da shi. Kafin hudowar rana muna cikin kwalekwale, domin a lokacin ne iskar da kifi ke shaƙa take raguwa sosai a ruwa. Ina rawar ɗari ina cika kwalabe da ruwan da za a gwada, shi kuwa ya juya ga dattijon da ke tuƙa mu ya ce, "Baba, bana ina kifin ya koma?" Amsar dattijon ya rubuta ta a shafi ɗaya da alƙaluman na'ura. Haka ya koyar da mu, ni ma haka nake koyar da nawa ɗaliban.

Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Waɗanda ba su samu wurin zama ba, don Allah ku yi haƙuri, jama'a ta fi ƙarfin rumfar da muka kafa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.