Abin da ke zubewa a hanya tsakanin littafi da fim ɗin Hausa

Duk wanda ya karanta littafi ya ƙaunace shi, sannan ya zauna kallon fim ɗinsa, da wuya ya tashi bai ce an rage masa wani abu ba. Masu karatu a Kano sun daɗe suna wannan ƙorafi, tun zamanin kaset. Sau da yawa laifin ba na darakta ba ne shi kaɗai. Akwai littafin da ƙarfinsa yana cikin abin da mutane suka aikata, akwai wanda ƙarfinsa yana bakin mai ba da labari. Na farko kyamara tana iya ɗaukarsa, na biyun kuwa sai an sake gina shi tun daga tushe.

A ɗauki littattafan gasar 1933 da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na tafiya: an kori Makau, mijin uwar Umar, daga gari saboda makircin fada, an sace yaro, an ƙetare Sahara da shi, uwa ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, guguwar rairayi ta binne ayari. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani. Shi ya sa Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka iya mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Wahalar irin wannan aiki ta kuɗi ce: raƙuma, dawakai, suturar da, da wurin da babu turken lantarki ko kwanon rufi a bayan jarumi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, ko da yake shi ma tafiya ce, daɗinsa yana cikin yadda jarumin littafin, Alhaji Imam, ke zuba labari da bakinsa, da yadda shi da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta ana ramawa. Mai karatu ya san ana yi masa ƙari da gishiri, yana dariya ne saboda ya sani. Da zarar kyamara ta nuna abin a fili, ta mayar da tatsuniya gaskiya, rabin dariyar ya tafi. Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya rubuta bayan gasar, ta fi sauƙi ta wata fuskar, don labaranta gajeru ne kowanne da kansa, sai dai dole a warware matsalar akun da ke ba da su.

Littattafan da aka fi jayayya a kansu a Kano su ne na adabin kasuwa, waɗanda suka cika rumfunan Sabon Gari da Kurmi daga ƙarshen shekarun 1980. Marubutansu ne ma suka shiga harkar fim da ƙafarsu bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, aka yi fim ɗinsa a 1994. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga a 1990, Abdulkarim Muhammad ya mayar da shi fim a 1998. Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa shi ma ya zama fim. Dalilin kasuwa a bayyane yake: littafin da ya zagaya makarantun 'yan mata da ɗakunan matan aure ya riga ya yi wa fim talla kyauta.

Lissafin da ke yanka littafi shi ne na lokaci. A ƙa'idar tsara labari, shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Fim na minti 90 ke nan shafi 90, kuma shafin rubutun fim rabinsa fili ne, ba kamar na littafi da ke cike dam ba. Idan aka sa waƙa uku, kowacce minti 5, an cinye minti 15 kafin a ce komai. Saura 75. Idan kowace fitowa ta ɗauki minti 2, fitowa 37 ko 38 ke nan za su ɗauki littafin da ya zo a kashi na 1 da na 2 da na 3. Dole a yar da mutane. Ƙawaye uku su koma ɗaya, gwaggo da inna su haɗe, zuwa zance sau biyar ya zama sau biyu. Mai tsara labarin da ya san aikinsa yana fara rubuta kowane abin da ya faru a littafin a layi guda, sannan ya tambayi kowane layi: in aka cire ka, ƙarshen labari zai canja? Wanda bai sani ba sai ya bi littafin daga shafin farko da aminci, kuɗi da kwanakin ɗauka su ƙare yana tsakiyar kashi na 2, a dunƙule sauran a minti goma. Wannan ne asalin finafinan da farkonsu ke jan ƙafa, ƙarshensu kuma ya zo a guje.

Babbar asarar ita ce zancen zuci. Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne mace ce mai 'ya'ya tara da miji ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Abin da ke kama mai karatu shi ne lissafin da take yi a ranta, na kuɗin cefane da kuɗin makaranta da abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Hanyoyi uku ake bi da irin wannan a fim, biyu daga ciki gurguwar dabara ce. Ta farko a ɗora murya a kan fuskar jaruma ta yi tagumi, mai kallo ya gaji. Ta biyu a ƙirƙiro mata aminiya ta zauna tana zayyana mata komai, sai halin matar ya canja, don mai haƙurin da ke haɗiye magana ta zama mai yawan kai ƙara. Ta ukun ita ce aikin gaske: a nemo abin da hannu zai yi a madadin zuciya. A nuna ta tana auna shinkafa da gwangwani, ta dubi yaran, ta mayar da rabin gwangwani cikin buhu. Babu kalma ko ɗaya, amma an faɗi shafi biyu.

Haka wasiƙun soyayya da suka cika littattafan wancan zamani. A takarda, wasiƙa mai kirari da karin magana abin a karanta a maimaita ce. A allo, mutum ne kawai riƙe da takarda. Nan ne waƙa ta samu ƙofa, kuma a ganina ba kullum ta yi ɓarna ba. Inda ta maye gurbin wasiƙa tana da hujja, inda aka cusa ta don 'yan kasuwar kaset sun ce fim ba ya tafiya sai da ita, nan ne take karya labari biyu. Akwai kuma abin da alƙalami ke wucewa da jimla ɗaya amma kyamara ba ta isa ba. Faɗawar jaruma Sumayya rijiya a In Da So Da Ƙauna layi kaɗan ne ga marubuci. Ga mai ɗauka kuwa sai an yi dabarar yanka hoto, a nuna gudu, a nuna bakin rijiya, a ji ƙara. Zaman miji da mata a ɗaki ma haka, musamman tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001: abin da aka karanta a ɓoye ba lallai a yarda a nuna shi a falo gaban yara ba.

Mujallu ne suka riƙe tarihin wannan jayayya. Tauraruwa, da Sunusi Shehu ya fara a Kano a 1998, ita ce ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a 1999 daga Kaduna, ta kuma fi sauran tsawon rai. Shafin wasiƙun masu karatu ya fi hirar jarumai amfani ga mai son sanin yadda jama'a suka karɓi fim, don a nan ake ganin wanda ya karanta littafi yana kama darakta da hannu dumu-dumu. 

Ga marubucin da furodusa ya zo neman littafinsa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar masa ikon juya aikinsa zuwa fim, kuma miƙa wannan haƙƙi sai a rubuce. Takardar ta faɗi shekara nawa aka ba da izini, fim ɗaya ne ko har da ci gabansa, za a sa shi a YouTube da tashoshin talabijin ko a'a, wa zai tsara labarin, da yadda sunan marubuci zai fito. Yawancin rigingimun da ake ji daga "ai mun yi magana" suke tasowa.

Yanzu da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, matsalar lokaci ta juye. Zango ɗaya mai kashi 13, kowanne minti 45, ya kusa awa 10, wanda ya ishi littafi mai kashi uku ya miƙe ƙafa. Marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun koma tsara labarin allo, kuma ana jin bambanci a bakin 'yan wasan da suka rubuta wa magana. Sabuwar cutar ita ce ja: littafin ya ƙare a zango na biyu, masu kallo na nan, talla na shigowa, sai a ta da wanda ya mutu ko a ƙirƙiro wata kishiya da marubucin bai taɓa sani ba.